An Sallame Su, Amma Wa Zai Wanke Sunansu?

Ranar Juma'a 1 ga Nuwamba 2024 aka shigo da mutum 76 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, gaban Mai Shari'a Obiora Egwuatu. Aƙalla 29 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 14 zuwa 17. Yawancinsu daga Kano da Kaduna aka kwaso su, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon watan Agusta, kuma sun shafe kusan wata uku a tsare. Cikin tuhumar da ake musu har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Tun kafin shari'a ta kankama huɗu suka yanke jiki suka faɗi, lauyoyi suka rufu a kansu, wayoyi kuma suka shiga ɗauka. Kafin la'asar babu lungun da bidiyon bai shiga ba: ga ramammun yara cikin tufafi masu dauɗa, ga fuskokinsu ƙarara. Kotu ta sa belin kowannensu naira miliyan 10, da masu tsayawa biyu, ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 15 ko sama.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Ranar 4 ga wata Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris ya sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran. Washegari ofishin Antoni Janar Lateef Fagbemi ya janye ƙarar, kotu ta kori tuhumar da ake yi wa mutum 119, ciki har da waɗancan 76, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati ya miƙa su ga Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano da Gwamna Uba Sani na Kaduna.

A jarida nan labarin ya tsaya. A rayuwar waɗanda abin ya shafa kuwa, nan ya soma. Yaron da yake da shekara 16 a lokacin ya doshi shekarun neman aiki. Zai cike fom, zai nemi mai tsaya masa, wataƙila ya nemi biza. A kowace ƙofa akwai yiwuwar ya tarar kamun 2024 ya riga shi isa. Abin da nake son mu duba ke nan: hukuma ta san yadda ake rubuta sunan mutum ranar da aka kama shi, amma ba ta tanadi yadda za a goge shi ranar da aka rasa laifin da za a ɗora masa ba.

Kamu ba hukunci ba ne

Doka ba ta bar ruɗani a nan ba. Sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da yin taro cikin lumana. Sashe na 36(5) ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35(6) ma cewa ya yi wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Batun neman izinin 'yan sanda kafin a fito kuma an daɗe da raba gardamarsa, kuma Kano na cikin tarihin. A Satumban 2003 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da hayaƙi mai sa hawaye, bisa hujjar ba a ba da izini ba. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, suka yi nasara a Babbar Kotun Tarayya a 2005, sannan a Disambar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa sharaɗin neman izini ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa aikin rundunar shi ne ba masu gangami kariya.

Shari'ar Musulunci da muka tashi a cikinta ma a kan wannan turbar take: asalin mutum kuɓutacce ne, kuma mai ƙara shi ke kawo hujja. Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ake faɗa a bakin shago daban. Da zarar an ce wane ya kwana a sel, amsar da ke fitowa ita ce, ai ruwa ba ya tsami banza. Wannan jimlar ita ce hukuncin da ake yanke wa dubban mutane ba tare da alƙali ya zauna ba.

Ba kuma mutane kaɗan ba ne. Ƙungiyar Amnesty International, a rahoton da ta fitar a Nuwamban 2024, ta ce an kashe aƙalla mutum 24 kuma an tsare fiye da 1,200 a zanga-zangar ta Agusta, ko da yake rundunar 'yan sanda ta musanta zargin kisan. Wanda ya san yadda ake kame a ranar hargitsi ya san kuɗin goro ake yi. Motar sintiri ba ta tantance mai ɗauke da kwali da mai ɗauke da kayan sata da wanda aka aika sayo magani.

Wurare uku da sunan ke kwana

Wuri na farko shi ne rajistar hukuma. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, ta wajabta a sashe na 15 a rubuta bayanan duk wanda aka kama: sunansa, adireshinsa, sana'arsa, hotonsa, hoton yatsunsa da laifin da ake zarginsa. Sashe na 16 ya kafa babbar rajistar bayanan laifuka ta 'yan sanda, ya kuma ce a aika mata hukuncin kotu cikin kwana 30. Sashe na 29 ya ɗora wa Sufeto Janar aika jerin kame ga Antoni Janar duk bayan wata uku. Manufar wannan tanadi mai kyau ce. An yi shi ne don kada a kama mutum ya ɓace a hannun hukuma ba wanda ya san inda yake. Matsalar ita ce rubuta kamu aikin rana ɗaya ne, kuma wanda ya yi kamun shi ke rubutawa, amma labarin sallama sai wani ofishi ya tuna ya aika wa wani ofishi. Duk inda aka yi sakaci, fayil zai nuna farkon labari ba ƙarshensa.

Akwai wani sauyi da bai samu kulawar da ta kamata ba. Tsohuwar Dokar 'Yan Sanda ta ce idan kotu ta sallami ko ta wanke wanda ba a taɓa samu da laifi ba, to a lalata hotunansa da na yatsunsa nan take, ko a miƙa masa. Dokar 2020 kuwa cewa ta yi a adana su ta yadda za a iya ciro su, a ba shi idan ya nema. Wato an tashi daga gogewa an koma ajiya. Har yau kuma Nijeriya ba ta da wata doka ta gama-gari da ta tsara yadda marar laifi zai nemi a share sunansa daga rajista.

Wuri na biyu shi ne intanet, kuma ya fi na farko haɗari, domin ba shi da mai gadi. Bayan zanga-zangar, 'yan sanda a jihohi sun yi holin ɗaruruwan waɗanda ake zargi a gaban manema labarai, a zaune a ƙasa, an baje kaya a gabansu. Kafofin labarai da dama sun buga jerin sunayen da ke takardar tuhuma ta Abuja har da shekarun kowa. Alhali sashe na 205 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja, ya hana wallafa duk abin da zai sa a gane yaron da ake tuhuma, ya kuma ce a riƙe bayanansa cikin sirri. Gaskiya ne wancan bidiyon shi ya kuɓutar da yaran, ba don shi ba da wuya a ce ga ranar fitowarsu. Amma shi ne kuma zai ci gaba da yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp bayan sun yi gemu. Labarin kamu yana tafiya da suna da hoto, labarin sallama kuwa da adadi kawai yake tafiya: an saki mutum 119. Wanda ya rubuta sunan ɗayansu a Google, tuhumar cin amanar ƙasa zai fara gani.

Wuri na uku shi ne bakin mutanen unguwa. Wannan ba ya buƙatar lantarki ko data, kuma shi ya fi taɓa talaka.

Yadda tabon ke rufe ƙofa

A aikin gwamnati da na ɗamara, ƙa'idar da aka rubuta hukuncin kotu take magana a kai, ba kamu ba. Amma mai neman shiga soja sai ya kai fom wurin baturen 'yan sandan yankinsu ya sa hannu a kan halinsa, sai kuma ya samo shaidar ƙaramar hukuma da ta masu tsaya masa. Idan a wannan caji ofis ɗin aka taɓa rufe shi, da wace fuska zai shiga? Idan jami'in ya ƙi sa hannu, ba dole ya faɗi dalili ba, kuma babu inda yaron zai kai kuka kafin a rufe ɗaukar aiki.

A kamfanoni, bankuna da ƙungiyoyin ƙasashen waje da suka cika Abuja, bincike kan mai neman aiki ya zama ruwan dare. Ana neman takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda yanzu ake nema ta shafin POSSAP. Kafin ita ma, jami'in ɗaukar ma'aikata yana da waya a hannunsa. Idan takardu ɗari biyu ne a gabansa kuma gurbi uku ne, ƙaramin dalili ya ishe shi ya ture ɗaya gefe. Ba zai kira mai takardar ya ji ta bakinsa ba, shi kuma ba zai taɓa sanin abin da ya kayar da shi ba. Wannan ne ya sa cutar ke da wuyar kai wa kotu: ba ta barin shaida.

Masu neman fita waje su ma ba su tsira ba. Ƙasashe da dama na neman takardar 'yan sanda kafin su ba da bizar aiki ko ta karatu. Fom ɗin bizar Amurka ma ba a kan hukunci kaɗai yake tambaya ba, har da ko an taɓa kama mutum, ko da an yi masa afuwa daga baya. In ya ce e, ga dogon bayani a gabansa. In ya ce a'a aka gano, laifin ƙarya ya hau kansa.

Sai dai yawancin matasanmu ba ta waɗannan ƙofofin suke shiga ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba aikin ofis suke yi ba. A wannan duniyar, takardar shaidarka ita ce mutumin da zai ce na san shi, na san gidansu. A ɗauki misalin saurayin da ya sauka a Zuba ko Mararraba yana neman a ba shi keke napep ya riƙa kawo balas, ko a zaunar da shi a rumfar POS, ko a ɗauke shi gadi a wani gida a Gwarimpa. Mai kayan zai ce ya kawo garanto. Zai je wurin wani ɗan garinsu mai shago a kasuwar Wuse. Shi kuma zai ɗaga waya ya kira gida. Daga can a ce masa, yaron kirki ne, sai dai yana cikin waɗanda aka kai Abuja kwanakin baya. Mai shago zai yi shiru, ya juya fom ɗin a hannunsa, ya ce a dawo jibi. Ba mugunta ce ta hana shi ba. Tsoro ne kada gobe a nemi yaron a rasa, a zo a tafi da shi.

Ga kuma asarar lokacin kanta. Wanda ya yi wata uku a tsare zai dawo ya tarar an ba wani kekensa, maigidansa a gareji ya ɗauki wani yaro, zangon karatu ya wuce. Wanda shari'arsa ba ta ƙare ba ya fi shiga uku. Mutum goma da aka gurfanar gaban Mai Shari'a Emeka Nwite ranar 2 ga Satumba 2024 bisa zargin cin amanar ƙasa sun samu beli, amma shari'ar ta yi ta jan ƙafa ana ɗagewa har ta haura shekara. Wane mai kamfani ne zai ɗauki ma'aikacin da ke da irin wannan tuhuma a wuyansa, kuma duk bayan 'yan makonni sai ya nemi izinin zuwa kotu? An ga irin haka bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020: Babban Bankin Nijeriya ya samo umarnin kotu a Abuja aka rufe asusu 20 a watan Nuwamba, ba a buɗe ba sai Fabrairun 2021. A Oktoban 2023 kuma Amnesty ta ce aƙalla mutum 15 na tsare a Legas shekara uku bayan kama su.

Wani abin lura shi ne, a doka janye ƙara kafin a kai ga kare kai sallama ce kawai, ba wankewa ba, kuma ba ta hana a sake tayar da maganar. Saboda haka waɗanda aka saki a Nuwamban 2024 ba a same su da laifi ba, amma ba su fita da hukuncin da ya ce ba su aikata ba. A idon jama'a sai abin ya zama kamar alfarma aka yi musu.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A Amurka an auna wannan cutar. Masanin zamantakewa Christopher Uggen da abokan aikinsa sun aika matasa neman ƙananan ayyuka a jihar Minesota, wasu suna bayyana cewa an taɓa kama su kan ƙaramin laifin tayar da hayaniya amma ba a hukunta su ba. Sakamakon da suka wallafa a 2014 ya nuna wannan kaɗai ya rage yawan kiran da ake musu da kusan maki 4 cikin 100. Ƙaramin laifi ke nan, a ƙasar da hukumar daidaita ɗaukar aiki ta gargaɗi kamfanoni tun 2012 cewa kamu ba hujjar laifi ba ne. To ina ga wanda aka liƙa wa cin amanar ƙasa, a inda babu irin wannan gargaɗin?

An kuma ga magani. Jihar Hawai tun 1998 ta hana tambayar tarihin laifi sai bayan an yi wa mutum tayin aiki, jihohi da dama suka bi sahu. Jihar Fensilbeniya ta yi doka a 2018 da ke rufe bayanan waɗanda ba a samu da laifi ba kai tsaye, ba sai sun nema ba. A Turai, Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci a Disambar 2008 cewa Birtaniya ta keta haƙƙin sirri da take ajiye hoton yatsu da ƙwayoyin halittar waɗanda ba a hukunta ba har abada, abin da ya kai ga gyaran doka a 2012. A Indiya kuwa, da gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta kafa alluna a birnin Laknau ɗauke da hotuna da adireshin masu zanga-zanga a Maris 2020, Babbar Kotun Allahabad ta ba da umarnin a sauke su.

Mu ma mun ɗan taɓa. Jihar Legas ta haramta holin waɗanda ake zargi a 2021, kuma a 2025 rundunar 'yan sanda ta ƙasa ta sanar da hana shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ɗan ƙasa damar neman a gyara ko a goge bayanansa, sai dai ta yi wa hukumomin binciken laifi togaciya mai faɗi. Matakai ne masu kyau, amma ba su kai ga wanda aka riga aka yi wa tabo ba.

Hujjar mai ɗaukar aiki

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. A Agustan 2024 an yi ɓarna ta gaske. A Kano an wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC da ba a kai ga buɗewa ba, an fasa shaguna, har aka sa dokar hana fita. Wanda aka fasa wa shago yana da haƙƙi, kuma wanda zai damƙa wa baƙo mabuɗin gidansa ko kuɗin kasuwancinsa dole ya yi bincike. Ba wanda ya ce a rufe ido a kan ɓarawo.

Amma wannan hujjar tana neman a tantance ne, ba a haɗa kowa a buhu ɗaya ba. Wanda ya yi sata a kai shi kotu da shaidu, a hukunta shi, a rubuta. Wanda aka rasa abin da za a tabbatar a kansa kuma a bar shi ya tafi da sunansa. Rajistar da ta cakuɗa su biyun ba ta taimaki mai ɗaukar aiki ba, domin ta daina gaya masa wane ne abin gudu.

Akwai kuma rashin daidaito da ya kamata ya dame mu. A ƙasar nan kamun siyasa ado ne ga babba. Olusegun Obasanjo ya fito daga kurkuku a 1998 ya zama shugaban ƙasa a 1999. Shehu Sani, wanda gwamnatin Abacha ta ɗaure, ya zama sanata a 2015. Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri a zamanin jam'iyyar NEPU, yau babban asibiti ke ɗauke da sunanta a Zariya. Sun cancanci a tuna da wahalar da suka sha. Amma me ya sa abin da ya zama lambar yabo ga mai suna zai zama abin hana ɗan talaka aikin gadi?

Illar ba ta tsaya kan waɗanda aka kama ba. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe, da malamar asibiti, da ƙaramin ma'aikaci, duk suna kallo suna lissafi. Idan fitowa da kwali na iya jawo asarar aiki na shekaru, to masu abin asara za su zauna a gida, a bar titi ga waɗanda ba su da abin da za su rasa. Daga nan zanga-zanga ta gaba sai ta fi ta baya muni, gwamnati kuma ta rasa hanyar jin koken masu hankali.

Abin da ya kamata a yi

Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta dawo da tanadin lalata bayanan wanda aka sallama ko aka wanke, ta sa wa'adi, kuma ya zama aikin hukuma ne ba sai mutum ya ɗauki lauya ba. Duk wanda aka janye wa ƙara a ba shi takardar kotu kyauta a hannunsa ranar da zai fita, a kuma buga sunayen manyan da aka sallama a duk inda hukuma ta buga kamunsu. A hana fom ɗin aikin gwamnati da na kamfanoni tambayar kamu, a tsaya kan hukunci, shi ma wanda ya shafi aikin. Hukumar Kare Bayanai da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam su buɗe hanya mai sauƙi, har da Hausa, ta neman a cire suna da hoton yaro daga shafukan labarai. Editoci kuwa ba sai sun jira doka ba: su koma tsofaffin labaransu su cire sunayen yaran, su ƙara bayanin yadda shari'ar ta ƙare. Gwamnatocin Kano da Kaduna da suka karɓi waɗannan matasa su tsaya musu da takardar shaida a duk lokacin ɗaukar aiki.

Sauran aikin namu ne, domin babu majalisar da za ta goge abin da ke bakin mutanen unguwa. Mai unguwa da limami da shugaban 'yan kasuwa da mai keke, idan aka ce musu an taɓa kama wane, su ƙara tambaya ɗaya kafin su janye hannu: kotu ta same shi da laifi? Idan amsar a'a ce, to hana shi abin yi hukunci ne da mu muka yanke masa bayan alƙali bai yanke ba, kuma alhakinsa a wuyanmu yake.